Yaron da ake ce wa jaki a gida, da wane baki zai yi magana a Legas?

Duk mai shiga kasuwar Mile 12 da safe ya san irin wannan kiran. Uba ne ke ƙwala wa ɗansa a gaban masu saye: "Kai jaki! Wawan banza, canji ma ya gagare ka?" Yaro ɗan shekara 14 ya sunkuyar da kai, matar da ta zo sayen albasa ta yi dariya, 'yan dako su taya ta. Bayan la'asar kuma uban nan za ka ji a bakin masallaci yana kai kuka wurin abokansa, wai yaran yanzu ba su da zuciya, ba sa iya buɗe baki a gaban mutane, ɗan maƙwabcinsa Bayarabe ya fi nasa wayewa.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ba ya ganin cewa zagin safe ne ya haifi kukan yamma.

Ra'ayina ba shi da kwana-kwana. Ga ɗan Bahaushe da ke tasowa a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, sanin darajar kai kariya ce, kuma kaso mafi girma na gina ta yana wuyan iyaye. Kirari ba ya gina ta. Abin da ke gina ta shi ne aikin da aka damƙa wa yaro aka ƙyale shi ya yi, da gyaran da ba a haɗa shi da tozarci ba, da tabbacin cewa ko ya faɗi jarrabawa gidan nan gidansu ne.

A shekarun balaga, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna abin da zai je ya dawo bai gama nuna ba, sai an haura shekara 20. Damuwa da yadda mutane ke kallonsa kuwa tana kan ganiyarta. Shi ya sa zagin da ɗan shekara 7 zai manta kafin azahar, ɗan shekara 15 yake kwana da shi.

Abin da yake tararwa da ya fita ƙofa

Tun daga kiran suna a aji ake fara gane shi. Wasu 'yan ajin ba za su taɓa kiran sunansa ba, "aboki" ko "malam" ya ishe su, da irin muryar da kowa ya san ba ta girmamawa ba ce. A kwaikwayi Turancinsa. In an yi tashin hankali a arewa, shi za a juyo a tambaya kamar shi ya aika. In babansa mai gadi ne, ko mai shayi, ko yana cikin waɗanda suka rasa abin yi bayan hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, wannan ma abin gori ne.

In an je gida hutun salla, can ma bai tsira ba. 'Yan uwa su yi ta dariyar Hausarsa, su ce ɗan kurmi ne. A Legas baƙo, a Kano baƙo.

Iyaye ba su da ikon gyara bakin titi, amma suna da ikon abin da yaro zai fita da shi a ka. Ku ƙirga masa harsunan da yake ji: Hausa a gida, Turanci a aji, Yarbanci da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa a makarantu, Turancin buroka a tasha, Larabci a Islamiyya. Yaron da ke juya harshe huɗu ko biyar ake ce wa daƙiƙi don ya yi tuntuɓe a ɗaya. A riƙa yi masa Hausa a gida, in ya karya ta a maimaita masa daidai ba tare da dariya ba.

A kuma gaya masa cewa ba jiya muka zo ba. Tun 1863 Bature John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Fataucin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 su suka raya zangon Agege. Yaron da ya san wannan, in aka ce masa ya koma garinsu, maganar ba ta shigarsa kamar wanda bai sani ba.

Sai a koya masa amsa. A zauna da shi a gwada: uba ya zama mai tsokana, yaro ya ɗaga kai, ya faɗi sunansa da murya a kwance, ya wuce. Ba zagi, ba dambe. In abin ya ƙi ƙarewa, ko ya kai ga duka ko ƙwace masa kaya, a rubuta rana da abin da ya faru, a fara da malamin aji, sannan shugaban makaranta. In makarantar sakandaren gwamnati ce kuma an yi biris, jihar tana da gundumomin ilimi shida, ta ɗaya a Agege take. Ganin ubansa ya ajiye kasuwa ya zo makaranta dominsa kaɗai ya fi wa yaro nasiha goma.

"Ka ƙi naka duniya ta so shi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa don kare tsananta wa yaro, kuma ba na raina ta. Amma a tuna inda aka yi karin maganar. An yi ta ne a gida mai zaure da sassa huɗu ko biyar. A can uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban jama'a. Uba ya tsare gida. Duk da haka yaron bai rasa mai nuna masa so ba. Kaka tana nan tana ce masa maigidana, tana ɓoye masa ƙanzo. Goggo tana yi masa kirari. Kawu ya ɗauke shi cin kasuwar ƙauye. Taubasai su yi ta wasa da shi. An raba aikin ne: iyaye su tsare gida, dangi su sakar masa fuska.

Mu sai muka ɗauko rabin tsarin muka taho da shi. A ciki da falo na haya a Agege, kaka tana Katsina, goggo tana Gusau, kawu sai a waya ran salla. Mai tsare gida yana nan, mai sakin fuska an baro shi arewa. Yaro ya tashi bai taɓa jin wani babba ya yi murna da shigowarsa ɗaki ba. Wanda ya kawo iyalinsa Legas dole ya ɗauki aikin kakar ma, ko ya so ko bai so ba.

Masu tsoron kada nuna so ya kumbura wa yaro kai, akwai binciken da ya raba musu abubuwan biyu. Eddie Brummelman da abokan aikinsa sun bi yara 565 a ƙasar Holan, suka wallafa sakamakon a 2015. Yaran da iyayensu ke ɗaukar su sun fi 'ya'yan kowa su ne suka tashi da jiji da kai. Waɗanda suka ji a jikinsu cewa iyayensu na ƙaunarsu kuwa, darajar kansu ce ta ƙaru, ba jiji da kai ba. Wato "ka fi su duka" ita ce mai ɓarna. "Na ji daɗin ganinka" ba ta ɓata kowa.

Ba sai Bahaushe ya ari bakin wasu ya ce "ina son ka" ba in abin ya yi masa nauyi. Muna da namu: "Allah ya yi maka albarka." "Sannu da ƙoƙari, Babana." "Madalla, Ummi." Dafa kafaɗa. Ajiye masa tsokar nama a ce taka ce. Kiran kaka ta bidiyo sau ɗaya a mako a miƙa masa wayar, a bar su su yi wasansu na jika da kaka. Matsalar ita ce yawancin gidaje albarkar sai ranar tafiya ake sa ta, zagin kuwa kullum.

Akwai kuma masu cewa, "Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu lalace ba." Waɗanda suka tsira ne ke wannan magana. A ƙirga har da magidancin da likita zai yi masa bayani bai gane ba amma ya kasa tambaya, da wanda ke sa hannu a takardar haya bai karanta ba don kada a ce bai iya ba, da wanda ya shekara 40 bai taɓa zama ya yi hira da mahaifinsa ba. Ba su lalace ba, amma an rage musu wani abu.

Kunya da girman kai

Hujja ta biyu ta addini ce: kunya tana daga imani, kuma yaron da aka ba baki zai yi girman kai. Gaskiya ne kunya imani ce. Sai dai mun haɗa ta da tsoro mun ba su suna ɗaya. Yaron da ya rusuna ya gaida manya, ya rage murya, mai kunya ne. Wanda aka ba shi canjin da bai cika ba a motar haya ta danfo ya kasa magana, tsoro ne ke damunsa.

A duba hadisin Abdullahi ɗan Umar. Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce take kama da musulmi. Ɗan Umar ya gane dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yaba masa shirun ba. Cewa ya yi da ya faɗa, da ya fi masa kaza da kaza. Umar ɗin nan ne kuma yake zaunar da Ibn Abbas, yana matashi, tare da dattawan Badar. Usama ɗan Zaidu bai kai shekara 20 ba aka ba shi jagorancin runduna.

Girman kai kuwa hadisi ya fayyace shi: ƙin gaskiya da raina mutane. Yaron da ya san darajarsa shi ne ma ya fi iya cewa "na yi kuskure", don kuskure ɗaya ba ya rushe shi. Mai fankama da cika baki, in ka bincika, sau da yawa wani rami yake rufewa.

Yabo ma yana da yadda ake yinsa

A nan zan saɓa wa ɗaya ɓangaren, iyayen da suka ji an ce a riƙa yabon yara suka buɗe famfo. "Kai gwani ne, ƙwaƙwalwarka ta fi ta kowa." Wannan ma yana da illa.

A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan aji biyar na firamare a Amurka. Bayan aikin farko, aka ce wa wasu "lallai kuna da ƙwaƙwalwa", wasu kuma "lallai kun yi aiki tuƙuru". Da aka ba su mai wuya suka faɗi, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu suka karaya, aikinsu na gaba ya ragu, kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu aikinsu ƙaruwa ya yi. Dalilin a fili yake. Wanda aka ce masa gwani yana da suna da zai kare, don haka yana gudun duk abin da zai iya kayar da shi.

Saboda haka a yabi abin da ido ya gani, a kira shi da sunansa. "Na ga ka zauna kan lissafin nan har ka warware shi." "Yadda kika lallashi ƙaninki ɗazu ya burge ni." Jimla ɗaya ta isa, kuma ta kasance gaskiya, don ɗan shekara 15 yana gane yabon ƙarya tun kafin a rufe baki. Kada a ɗaura mata wutsiya: "Ka yi ƙoƙari, amma ɗan Alhaji wane na ɗaya ya zo." Abin da ya biyo bayan "amma" kaɗai zai ji.

Faɗa ba tare da tozarci ba

Ba na cewa a daina faɗa. Gidan da ba a tsawatarwa ma yana gaya wa yaro cewa ba a damu da shi ba. Yadda ake yi ne abin dubawa.

Kada a yi shi cikin fushi. A yi alwala, a bari a huce, ko da sai bayan isha'i. A kira shi shi kaɗai. A gidan haya da kowa ke jin tarin maƙwabcinsa, gara a fita da shi a taka zuwa bakin titi. A faɗi laifin da lokacinsa: "Jiya ƙarfe goma ka shigo, mun yi da kai takwas." Sannan a tambaye shi abin da ya faru, a yi shiru har ya gama, ko da ana ganin ƙarya yake shiryawa. Hukuncin ya dace da laifin kuma ya zama mai iyaka: wanda ya yi dare ba fita ƙarshen makon nan, wanda ya kwana kan waya a karɓe ta kwana biyu ko uku. "Ba kai ba waya har abada" ba ya aiki, don kowa ya san za a mayar, kuma daga ranar maganar uba ta rage nauyi. In hukunci ya ƙare, magana ta ƙare. Ba a tono ta ranar da ya yi wani laifin.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Laƙabin banza, wanda aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana tsakanin manya ma, balle a kan ɗan cikinka. Kiran dangi a waya a buɗe murya ana zayyana laifinsa yana tsaye. Barazanar "zan mayar da kai ƙauye", wadda ke koya masa cewa garin iyayensa gidan yari ne. Mafi muni shi ne baki: "ba za ka gama da duniya lafiya ba." Annabi (SAW) ya hana yi wa 'ya'ya mummunar addu'a. Ɗan Bahaushe kuma ya yarda da bakin uwa har cikin ransa, in ya ɗauka an riga an yi masa, me zai sa ya ƙara wahalar da kansa?

Masu ganin tsawa da zagi sun fi duka sauƙi su san cewa an bincika wannan ma. A Jami'ar Pittsburgh, Ming-Te Wang ya bi iyalai 976 masu 'ya'ya 'yan shekara 13. Yaran da ake yi wa tsawa da zagi sun ƙara rashin ji da alamun ciwon damuwa a shekarar da ta biyo, kuma kasancewar iyayen masu nuna ƙauna a sauran lokuta bai goge illar ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba.

Dukan saurayi ɗan shekara 16 kuwa abu biyu yake koya masa: iya ƙarya da neman hanyar barin gida. Legas kuma ba ta rasa ƙarƙashin gadar da za ta karɓe shi.

A ba shi abin da zai riƙe

Wannan ne sashen da na fi ba muhimmanci. Roy Baumeister da abokansa sun tattara binciken shekaru a 2003, suka ga cewa cusa wa yaro jin shi wani ne ba ya sa ya yi ƙoƙari a makaranta. Akasin haka ya fi ƙarfi: iya abu ne ke kawo yarda da kai.

Yaranmu suna shan aike, amma a aike ƙafarsu kawai ake amfani da ita. Abin da ake buƙata shi ne aikin da shawara take hannunsu. Ɗan shekara 13 ko 'yar shekara 13 a ba su kuɗin cefanen kwana biyu, a faɗa musu abin da za a dafa, su zaɓi wurin saye, su yi ciniki, su rubuta a littafi. In sun yi rara, wani abu a ciki nasu ne. Ɗan 14 zuwa 15 a damƙa masa wutar gida: shi zai duba mita, ya sayi kati kafin ta ƙare, ya lura da abin da ke shanye ta. A saya masa katin Cowry na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa a koya masa hanya a tafiya uku: ta farko uba na gaba, ta biyu yaro na gaba uba ya yi shiru ko an yi ɓatan kai, ta uku ya hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo shi kaɗai ya dawo. Ɗan 16 shi zai nemi lambarsa ta NIN, ya je cibiyar rajistar JAMB ya cike da kansa, babba ya jira a waje. Mai rumfa a kasuwa ya ware masa kwando ɗaya ko buhu ɗaya ranar Asabar, jari na uba, riba ta yaro.

Inda ake faɗuwa shi ne kuskuren farko. Yaro ya sayo tumatir rabi ruɓaɓɓe, uwa ta fizge kuɗin ta ce daga yau ba ta ƙara aikensa. To ya koyi cewa bai iya ba, shi ke nan. Abin yi shi ne a zauna a duba tare: a ina aka cuce shi, yaya ake duba ƙasan kwando. In kuɗi ya zubar da sakaci, ya biya wani kaso daga nasa, mako mai zuwa a sake ba shi. Kada kuma a gyara aikinsa a gabansa ana tsaki, kada aikin ya ci lokacin makaranta.

Yaron da boko ke ba wahala ya fi kowa buƙatar wani fagen da zai yi fice. F9 a lissafi labarin lissafi ne, ba labarin rayuwarsa ba, kuma WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje da ake gyarawa da ita. Jihar tana da kwalejojin koyon sana'a a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Ado-Soba da Epe. Ga gyaran waya a kasuwar Computer Village, ga ɗinki, ga hadda, ga ƙwallo. A bar shi ya zaɓi ɗaya, a yi sharaɗin zai riƙe shi aƙalla wata shida kafin ya ce ya gaji.

'Yan mata

Nasu tozarcin ya fi zuwa ta jiki. "Baƙa", "mummuna", "ƙanwarki ta fi ki kyau, ita za a fara nema", da wasa ake faɗa, a bakin uwa da yayye. Daga nan sai man bilicin, wanda da yawansa ke ɗauke da sinadaran da NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu, masu sirantar da fata, wasu har su taɓa ƙoda. Waya kuma ta ɗora nata. Takardun cikin gida na kamfanin Facebook da suka fito a 2021 sun nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu.

A hana wasa da kala da ƙira a gida, hani na gaske, har ga baƙi. Uwa ta yi mata bayanin al'ada tun tana shekara 10 ko 11, kafin ta gani ta tsorata. In ana takura mata kan hijabi a makarantar gwamnati, ta san cewa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa tana da 'yancin sawa.

Uba kuma kada ya janye don ta girma. Yarinyar da ba ta taɓa jin magana mai daɗi daga mahaifinta ba, namijin farko da ya gaya mata a bakin layi ya gama da ita. A bar ta ta zaɓi atamfar sallarta, a tambaye ta kimiyya take so ko kasuwanci in za ta shiga SS1, a saurari dalilinta. Wadda ba a taɓa barin ta ce "a'a" a gida kan ƙaramin abu ba, ba za ta iya faɗa a waje kan babba ba.

"Legas ce fa, in ka sake shi ya tafi"

Tsoron gaskiya ne: ga ƙwaya, ga ƙungiyoyin asiri, ga 'yan damfarar intanet. Amma a duba da me suke jan yaro. Suna ba shi suna, su tambayi ra'ayinsa, su ba shi aiki su ce sun yarda da shi. Abin da ya rasa a gida suke sayar masa. A tsaurara kan abubuwa kaɗan, salla, makaranta, lokacin dawowa, sanin abokansa da gidajensu, a sassauta kan sauran.

Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wanda zai tashi asuba ya kama hanyar makaranta kuwa ya kamata ƙarfe tara ta same shi a kwance. Wani lokaci abin da ake kira taurin kai da lalaci a aji rashin barci ne.

Uban da ke fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i saboda cunkoso zai ce ba shi da lokaci. Minti goma ya isa in na yaron ne shi kaɗai. Tafiya masallaci kafaɗa da kafaɗa ta fi zaman tuhuma ido cikin ido, samari sun fi sakin baki in ba a kallonsu. A bar "yaya makaranta", amsarta "lafiya" ce. A tambayi abu takamaimai: wane malami ne ya fi iya koyarwa, me ya sa. Mai 'ya'ya da yawa, musamman mai mata fiye da ɗaya, ya yi abin bi da bi, don yara suna ƙirga wanda aka fita da shi fiye da yadda suke ƙirga kuɗin makaranta.

In abin ya wuce na gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. In yaro ya yi mako biyu ko fiye ya daina abin da yake so, ya ƙaurace wa mutane, cinsa da barcinsa sun canza, karatunsa ya faɗi farat ɗaya, ko yana cewa shi ba shi da amfani, gara ya mutu, wannan ba shagwaɓa ba ce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. A kulle maganin ƙwari da magungunan gida, kada a bar shi shi kaɗai.

A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, lambar gaggawa ta jihar kuma 112 ce ko 767. In an shiga wurin likita, iyaye su faɗi abin da suka gani, sannan su fita su ba yaron wuri ya yi magana shi kaɗai.